Ƙaramin Harafi, Babbar Asara: Ma'anar "m", "c" da "#" da Kake Gani a Ƙarshen XAUUSD

Idan kana cikin guruf-guruf na WhatsApp ko Telegram da ake raba sigina ta kasuwar foreks, ka san yadda saƙon yake zuwa: "XAUUSD BUY, lot 0.10", sai lambar da za ka kwashi riba da wadda za ka tsayar da asara. Kana buɗe MetaTrader a wayarka ka rubuta XAUUSD a wurin bincike, sai XAUUSDm ya fito maka. Abokinka yana ganin XAUUSDc a tasa wayar. Na ukunku ma babu XAU ko ɗaya a wurinsa, GOLD# kawai ya gani. Duk zinare ne, farashin ma kusan ɗaya ne, shi ya sa yawancin mutane ke danna wanda ya fito su wuce.

A Batsari da Safana, kamar sauran garuruwan yammacin Katsina, matasa da dama sun shiga wannan harka ta waya. Rashin tsaro a kewayen dajin Rugu ya takura noma da fatauci, aikin yi ya yi ƙaranci, ga TikTok cike da hotunan riba. Jarin da ake sakawa ba kuɗin wasa ba ne. Wani ribar POS ce ya tara, wani kuɗin adashi ne, wani kuma tunkiya ya sayar. Da irin wannan kuɗi ake danna Buy a kan sunan da mutum bai gama karantawa ba.

Wannan harafi na ƙarshe yana da aiki. Shi ke nuna irin akawun ɗin da kake kai, girman ma'aunin da ake auna maka, da yadda dillali zai cire nasa kason. Wanda bai san shi ba zai iya ɗaukar haɗarin da ya ninka abin da yake zato sau 100.

Inda asalin sunan ya fito

Haruffa shida na farko ba dillalinka ne ya ƙirƙire su ba. Sun fito ne daga wani tsari na duniya mai suna ISO 4217, wanda aka fara fitarwa a 1978, da ya ba kowane kuɗi haruffa uku. Biyun farko na ƙasa ne, na ukun na sunan kuɗin. NGN na nufin Nijeriya da naira, USD na nufin Amurka da dala, GBP na nufin Birtaniya da fam.

Abin da ba na ƙasa ɗaya ba ne galibi ana fara shi da X. Sefar da ake kashewa a Maraɗi da sauran Nijar, wadda ’yan kasuwar Jibiya suka saba da ita, sunanta XOF saboda ƙasashe takwas ne ke amfani da ita. Zinare shi ne XAU: X ɗin nan, sai AU daga sunan zinare a harshen Latin. Azurfa kuma XAG. XAU ɗaya na nufin oza ɗaya ta zinare, wato kimanin giram 31.1. Idan ka ga XAUUSD, ana gaya maka dala nawa ce oza ɗaya. Idan ka ga EURUSD, dala nawa ce yuro ɗaya.

Har nan babu saɓani tsakanin dillalai. Saɓanin yana farawa ne daga harafi na bakwai, abin da malaman Hausa a makaranta ke kira ɗafa-ƙeya. A nan za mu kira shi wutsiya.

Me ya sa dillali ke ƙara wutsiya?

A kasuwar hannun jari ta Nijeriya, NGX, hannun jarin simintin Dangote sunansa DANGCEM, na MTN kuma MTNN, ko ta hannun wane dillali ka saya. Dalili shi ne kasuwa ɗaya ce, rajista ɗaya, farashi ɗaya.

Foreks ba ta da irin wannan cibiya. Bankin BIS da ke Basel ya ƙiyasta cinikin da ake yi a cikinta a watan Afrilun 2022 da dala tiriliyan 7.5 a kowace rana, amma cinikin a warwatse yake tsakanin bankuna da kamfanoni. Kowane dillali yana karɓar farashi daga waɗanda yake hulɗa da su, ya ɗora nasa, ya miƙo maka. Kuma idan ka danna Buy a kan XAUUSDm, babu zinaren da aka ajiye da sunanka a ko'ina. Yarjejeniya ce kawai tsakaninka da dillalin a kan bambancin farashi, wadda ake kira CFD: idan ya hau ya biya ka, idan ya sauka ya cire daga kuɗinka. Tunda yarjejeniyar tasa ce, shi ke raɗa mata suna.

Ta ɓangaren fasaha kuwa, MetaTrader 4 da ta fito a 2005 da MetaTrader 5 da ta biyo baya a 2010, duk na kamfanin MetaQuotes ne. Dillalai lasisi suke saya su ɗora a kan uwar garkensu. A can ana raba masu akawun rukuni-rukuni, kowane rukuni da jerin kayan da aka yarje masa ya gani. Kowane suna yana ɗauke da saitinsa: girman lot, hanyar da farashi ke shigowa, mafi ƙarancin abin da za a iya saya, da kuɗin kwana. Uwar garke ɗaya ba ta karɓar kaya biyu masu suna iri ɗaya, kamar yadda ba za ka iya ajiye fayil biyu masu suna ɗaya a folda ɗaya ba. Don haka idan dillali yana son sayar da zinare da sharuɗɗa iri huɗu, sai ya kwafi XAUUSD sau huɗu, ya liƙa wa kowane wutsiyarsa.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Batsari ya san wannan. Gero ɗaya ne, amma akwai tiya, akwai rabinta, akwai gwangwani. Kalmar "buhu" ma haka take: na siminti kilo 50 ne, na masara ya kai ninkinsa. Wanda ya ce maka "buhu biyu" bai gama magana ba sai ya faɗi wane buhu.

Wutsiyoyin da aka fi gani a wayoyinmu

A Exness, akawun ɗin Standard yana ɗauke da "m", shi ya sa ake ganin EURUSDm da XAUUSDm. Standard Cent yana ɗauke da "c". Zero yana ɗauke da "z". Akawun ɗin Pro kuwa sunan yana zuwa haka nan babu wutsiya. Mutane da yawa suna ɗauka "m" ɗin nan na nufin ƙaramin lot. A Exness ba haka ba ne, lot ɗin XAUUSDm cikakke ne.

A XM, zinare sunansa GOLD. Akawun ɗin Micro yana ƙara kalmar gaba ɗaya, kamar EURUSDmicro, kuma a can lot ɗaya na kuɗaɗe 1,000 ne maimakon 100,000. Akawun ɗin Ultra Low yana ɗauke da alamar "#", kamar GOLD# da EURUSD#.

Wasu dillalan suna sa ɗigo da kalma, irin su EURUSD.pro, EURUSD.ecn ko EURUSD.r. Babu wata hukuma da ta tsara waɗannan haruffa, don haka harafi ɗaya zai iya nufin abu daban a wurin dillalai biyu. Akwai kuma dillalan da ba sa sa wutsiya ko kaɗan, suna ɓoye bambancin a cikin saitin rukuni. Ganin EURUSD tsaf a wayoyi biyu bai tabbatar da cewa sharuɗɗan ɗaya ne ba.

Idan aka bar kuɗaɗe da zinare, abin ya fi rikicewa, domin babu ISO da ya tsara sunayen. Ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 30 na Dow Jones, wani ya kira shi US30, wani DJ30, wani WS30. Na Nasdaq yana zuwa a matsayin NAS100, US100 ko USTEC. Ɗanyen man Amurka yana zuwa da USOIL, XTIUSD ko OIL. Idan ka ga sunan wata a jikin kaya, kamar DEC ko MAR, yarjejeniyar tana da ranar ƙarewa, kuma farashinta ya bambanta da na wanda aka rubuta wa Cash.

Masu amfani da Deriv su ma su lura. Volatility 75 Index da ɗan uwansa mai alamar 1s kaya biyu ne daban. Na farko farashinsa na motsawa duk daƙiƙa biyu, na biyu duk daƙiƙa ɗaya, kuma jadawalinsu ba ɗaya ba ne. Dukansu ba su da alaƙa da wata kasuwa ta zahiri, kwamfutar kamfanin ce ke samar da lambobin. A ɓangaren kirifto, TradingView na rubuta BTCUSDT ga sayen Bitcoin kai tsaye, ya rubuta BTCUSDT.P ga yarjejeniyar da ba ka mallaki komai a cikinta ba, wadda za a iya rufe maka da ƙarfi idan jarinka ya gaza.

Lissafin da ke cinye jari

Mu koma kan sigina ta farko: XAUUSD, lot 0.10.

A akawun na gama-gari, lot ɗaya na zinare oza 100 ne. Lot 0.10 ke nan oza 10. Duk dala ɗaya da farashi ya motsa, dala 10 ce ta shigo maka ko ta fita. Zinare ya motsa dala 20 a rana ɗaya ba abin mamaki ba ne. Idan ya juya maka baya, dala 200 ta tafi. A ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce, naira 300,000 ke nan.

A akawun na sent, komai an raba shi gida 100. Idan ka saka dala 10, wayar za ta nuna maka 1,000, domin da sent take ƙirgawa, kuma za ka ga USC a inda ya kamata a ga USD. Lot 0.10 ɗin nan da motsin dala 20 zai nuna asarar 200, amma sent 200 ne, wato dala 2, kimanin naira 3,000.

Lamba ɗaya ce a fuskar wayoyin biyu. Ɗaya kuɗin data ne, ɗaya kuɗin da ya fi jarin mai POS da yawa. A nan ne mutane suka fi faɗawa: mutum ya yi wata uku yana koyo a akawun na sent, hannunsa ya saba da rubuta 0.10 ko 0.50, sai ya ga ya ƙware ya buɗe Standard, ya rubuta lambar da ya saba. Harafin "c" ya koma "m", haɗarin ya ninka sau 100, manhajar kuma ba za ta yi masa gargaɗi ba matuƙar kuɗinsa sun isa buɗe cinikin.

Ga yadda ya kamata a yi lissafin. A ce kana da dala 50, ka yanke cewa ba za ka yi asarar fiye da kashi 2 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, wato dala 1. Siginar ta sa iyakar asara a nisan dala 5 daga farashin shiga. A Standard, mafi ƙarancin lot shi ne 0.01, oza ɗaya, kuma asararsa dala 5 ce, kashi 10 cikin 100 na jarinka. Ma'ana wannan ciniki ya fi ƙarfinka ko da ka zaɓi mafi ƙanƙanta. A akawun na sent kuwa, lot 0.20 shi zai ba ka asarar dala 1 daidai. Lot ɗin da mai sigina ya rubuta na aljihunsa ne da irin akawun ɗinsa. Naka kai za ka lissafa.

La'ada da tazara: dalilin da ya sa naka ya rufe, nasa bai rufe ba

A kara, dillali yana karɓar la'ada a fili, ko kuma ya saya da arha ya sayar maka da ɗan ƙari ya ci tsakani. Dillalan foreks hanyoyin nan biyu suke bi, kuma wutsiya ce ke nuna wadda aka ɗora ka a kai.

Kowane kaya yana da farashi biyu a lokaci ɗaya: Bid, wanda za ka sayar a kai, da Ask, wanda za ka saya a kai. Ratar da ke tsakaninsu ita ce tazara, abin da manhajar ke rubutawa Spread. A akawun na gama-gari babu la'ada amma tazarar ta fi faɗi. A akawun irin su Raw da Zero tazarar ƙarama ce, sai a cire la'ada, wadda a wurin dillalai da yawa takan kai kusan dala 7 a kan cikakken lot, shiga da fita. A EURUSD, pip ɗaya a cikakken lot dala 10 ne. Wanda tazararsa pip ɗaya ce ya biya dala 10. Wanda tazararsa 0.1 ce da la'adar dala 7 ya biya dala 8. Babu wanda aka yi wa kyauta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wurin iyakar asara. Jadawalin MetaTrader yana zana farashin Bid ne, amma cinikin Sell da farashin Ask yake rufewa. A ɗauka an ba da sigina a sayar da zinare a 3,300.00, iyakar asara a 3,302.00. Farashi ya hau har 3,301.80 sannan ya fara gangarawa. Mai siginar tazararsa 0.10 ce, Ask ɗinsa ya tsaya a 3,301.90, bai taɓa iyakar ba. Kai tazararka 0.30 ce, Ask ɗinka ya kai 3,302.10, an rufe maka da asara. Bayan awa ɗaya ya turo hoton riba, kai kuma kana duba jadawali ba ka ga inda layin ya taɓa iyakarka ba. Sai ka ce dillali ya cuce ka, alhali kaya biyu daban kuka saya. Tazara kuma tana ƙara buɗewa lokacin fitar manyan labaran tattalin arziki da kuma wajen tsakar dare, lokacin da ranar ciniki ke canjawa.

Wutsiya na tona asirin hotunan riba

Wannan ilimi yana da wani amfani: tantance masu tallar kansu a status. Idan wani ya saka hoton ribar 50,000 yana neman ka biya kuɗin shiga guruf ɗinsa na musamman, ka zuƙo hoton ka duba abubuwa uku. Na farko, ƙarshen sunan kayan: idan XAUUSDc ne, ko ka ga USC, ribar dala 500 ce. Na biyu, sunan uwar garke: idan akwai Demo ko Trial a ciki, kuɗin gwaji ne da kowa zai iya rubuta wa kansa miliyan ɗaya. Na uku, ko an yanke saman hoton ko an rufe sunan da sitika. Mai gaskiya ba ya buƙatar ɓoye harafi ɗaya.

Ka kuma sani cewa da yawa daga masu raba sigina kyauta suna da link na gayyata. Dillali yana biyan su kaso daga tazara ko la'adar duk cinikin da ka yi, ko ka ci ko ka faɗi. Idan mutum ya nace sai ka buɗe wani nau'in akawun ta link ɗinsa, kuma kullum yana ba da babban lot, ka tambaye shi kai tsaye nawa yake samu a kan kowane lot naka.

Idan sabis ya ɗauke

Mu a wannan yanki muna da matsalar da masu koyarwa a YouTube ba sa magana a kai. A watan Satumbar 2021, lokacin gwamnatin Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda yaƙi da ’yan bindiga. Batsari da Safana na ciki, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Kurfi, Dutsin-Ma, Ƙanƙara da sauransu. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. Ko yanzu, a ƙauyuka da yawa sabis na zuwa ne yana ɗaukewa, caji kuma sai an kai wa mai janareto ko sola.

Cinikin da ka buɗe ba a wayarka yake zaune ba, yana kan uwar garken dillali, kuma yana ci gaba ko wayarka a kashe take. Iyakar asara da ta riba, wato SL da TP, su ma a can ake ajiye su, don haka za su yi aiki ko ba ka da sabis. Wanda bai sa su ba, yana cewa zai rufe da hannu idan ya ga abin ya juya, ya jingina jarinsa ne da eriyar garinsu.

Akwai kuma kuɗin kwana, wanda manhajar ke kira Swap. Duk cinikin da ya kwana a buɗe ana cire masa ko a ƙara masa wani abu bisa bambancin kuɗin ruwa na kuɗaɗen biyu, kuma a yawancin dillalai daren Laraba ana lissafa na kwana uku. Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi riba a shari'a, shi ya sa dillalai ke da akawun marar kuɗin kwana da suke kira na Musulunci. Wasu suna ba shi wutsiya ta daban, wasu a saitin akawun suke sa shi, wasu kuma bayan ’yan kwanaki suna fara cire wani kuɗi da wani suna. Kada ka tsaya a kan sunan akawun, ka duba lambobin da ke gaban Swap long da Swap short. Hukuncin ita kanta harkar kuwa malamai sun yi magana a kai, cire kuɗin kwana kaɗai bai rufe tambayar ba, su ya kamata ka tuntuɓa.

Ga masu bot da masu rubuta manhaja

Cikin matsalolin da ake kawo mini, wadda ta fi yawa ita ce "na sayi bot amma ya ƙi buɗe ciniki". Sau da yawa idan na duba, wanda ya rubuta shi ya kafe sunan XAUUSD a cikin lambobinsa, akawun ɗin mai saye kuma XAUUSDm yake da shi. Kwamfuta ba ta yin kara: harafi ɗaya ya bambanta, a wurinta kayan babu shi. MT4 zai ba da kuskure mai lamba 4106, MT5 ya ba da 4301. Haka kuma idan ka samu sunan da ba na rukuninka ba, za ka iya ganin farashi amma a hana ka ciniki, da lamba 133 a MT4 ko 10017 a MT5.

Idan kai ke rubutawa da MQL, ka bar bot ya ɗauki sunan daga jadawalin da aka ɗora shi ta hanyar _Symbol. Idan kaya da yawa yake bi, ya zagaya jerin da SymbolsTotal da SymbolName ya nemo wanda ya dace, ko ka ba mai amfani gurbin rubuta wutsiyarsa. Lot kuma ya riƙa lissafa shi daga girman yarjejeniya da darajar motsi ɗaya da SymbolInfoDouble ke bayarwa. Bot ɗin da ya ƙi aiki saboda suna bai ci kuɗin kowa ba. Mai haɗarin shi ne wanda ya gane sunan amma ya ɗauki lot ɗin akawun na sent ya buɗe a Standard. Sannan MetaTrader ta waya ba ta gudanar da bot ko kaɗan, sai a kwamfuta ko uwar garken haya. Duk wanda ya ce zai saka maka shi a cikin manhajar wayarka, ka bincika abin da yake sayar maka.

Minti biyu kafin ka danna Buy

A MT5 ta Android, ka shiga Quotes, ka taɓa sunan kayan, ka zaɓi Properties. A iPhone za ka ga Details. Ka duba waɗannan:

Contract size: girman lot ɗaya. Shi ne tushen duk lissafinka.
Kuɗin akawun: USD ne ko USC? Yana saman shafin Trade.
Spread: ka kwatanta Bid da Ask da rana, ka sake kwatantawa da dare.
Minimal volume: idan asarar mafi ƙarancin lot ta fi abin da za ka iya jurewa, kayan ba naka ba ne tukuna.
Swap long da Swap short: abin da kwana ɗaya zai ci maka.
Trade: idan ba Full access aka rubuta ba, ba za ka iya ciniki yadda kake so ba.

Akwai suna na ƙarshe da ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne cikakken sunan kamfanin da ke cikin yarjejeniyar da ka amince da ita lokacin rajista. Manyan dillalai suna da rassa da yawa ƙarƙashin tambari ɗaya. A Tarayyar Turai, tun 2018 hukumar ESMA ta taƙaita ƙarfin aro ga ƙananan ’yan kasuwa zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe da 1:20 a zinare, bayan ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na irin waɗannan akawun asara suke yi. Mu kuwa galibi ana yi mana rajista ne a rassan da ke wurare irin su Seychelles da Belize, inda ake ba da 1:1000 ko fiye. Wannan ƙarfin aro ne ke sa mai dala 50 ya iya buɗe lot ɗin da zai share shi cikin minti biyar.

A gida, dokar zuba jari ta ISA 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ta ba hukumar SEC ikon yi wa dandalin foreks na intanet rajista da sa musu ido, kuma hukumar ta bayyana cewa gudanar da irin wannan dandali ba tare da rajista ba laifi ne. Wata guda bayan haka CBEX ta rufe da kuɗin ɗimbin ’yan Nijeriya, kamar yadda MBA Forex ta yi a ƙarshen 2020. Dukansu sun yi alkawarin riba tabbatacciya, abin da babu dillalin gaskiya da ke yi. Kafin ka tura ko naira ɗaya, ka nemi sunan kamfanin a shafin hukumar da ya ce ita ta ba shi lasisi.

Sanin ma'anar "m" da "c" ba zai sa ka shiga sahun ’yan ƙalilan da ke cin riba ba, alƙaluman ESMA sun isa gargaɗi. Abin da zai yi maka shi ne ya hana ka asarar da ba kasuwa ce ta jawo ta ba. Idan sigina ta shigo yau, ka tambayi mai ita wane dillali yake amfani da shi, wane irin akawun, da cikakken sunan kayan har wutsiyarsa. Idan ya kasa amsa waɗannan uku, ka bar kuɗinka inda suke.